Amanar Gishiri

Ni da na yi ƙuruciya ina tsaron gona
a gindin dutsen Kwatarkwashi,
majaujawa a hannu, murya ta dushe da ihu,
yau ga ni a Sheffield, a kujerar direba,
na kashe injin bas, ina ciyar da biri.

Ba mai jini ba ne.
A ɗan allon wasan Iklima yake zaune,
shuɗi kamar an tsamo shi daga karofi,
kunnuwa faka-faka, ƙararrawa a bakin wutsiya,
in ya fusata da ƙanƙara yake jifa.
Ta ce wata uku ta yi tana fakonsa a dajin ƙarya,
cikin dodanni ɗari huɗu da ake tarawa
shi kaɗai ya ƙi kamuwa da wuri.
Ta raɗa masa suna Gishiri.

Ran Talata aka kwantar da ita,
ƙirjinta na kuka irin na ƙyauren da ya sha damina.
Kafin su ɗaura mata abin shaƙar iska
ta turo min allon ta ƙarƙashin bargo:
"Baba, sau uku a rana. Ayaba yake so, ba tuffa ba.
Ka shafa masa kai. Kar ka yi sauri."

Na ce to. Me zan ce?
Ban gaya mata tsakanina da danginsa akwai tsohuwar gaba ba,
sun taɓa cinye mana masara a hantsi ɗaya ina barci
har Baffa Ɗanjuma ya zane ni a gaban ƙannena.
Washegari na tarar da wata uwa a kan fa,
na auna, ban kuskure ba.
Ɗanta ya ƙanƙame cikinta yana kallona
har inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafata.
Shekara talatin da ɗaya,
ko matata ba ta san wannan labari ba,
na binne shi tun fari.

Yanzu a ƙarshen layi, hutun minti tara,
yayyafi na bin gilashi, shayi na hucewa,
babban yatsana mai kanta yana laluben maɓalli.
Na miƙa ayaba, ya fizge.
Na shafa kansa, ya lumshe ido, ƙararrawar ta ce ƙil.
Wata tsohuwa mai jan keken cefane ta leƙo,
ta ce jikanta ma yana da irinsa, amma nasa rago ne.
Muka gyaɗa wa juna kai
kamar makiyaya biyu a mashaya,
sannan na tada mota muka gangara gari.

Ran Juma'a da la'asar abin ya faru.
Allon ya yi fari fat, ya hau rawa a tafina,
na zaci na lalata kayan mutane.
Da hasken ya lafa, babu ɗan ƙaramin nan.
Wani ƙato ne a tsaye, gemu har ƙirji,
ƙararrawar ta zama ƙuge,
idon dai nasa ne.
Na hau bene na huɗu da allon a aljihu
ina shirya kalmomin ban haƙuri.

Ta duba. Ta daɗe tana dubawa.
Sai dariya, sai tari, nas ta harare ni.
"Baba! Ni wata biyar ina jira!
Ai ba ya rikiɗa sai a hannun wanda ya yarda da shi."

Na juya wajen taga.
Motoci a jere cikin ruwa, fitilu sun fara kamawa.
Na san lissafi ne, wani ya rubuta shi a ofis,
yawan ayaba da yawan shafa, shi ke nan.
Na sani.
Amma na daɗe ban juyo ba,
har sai da ta ce, "Zo ka riƙe min shi, hannuna ya gaji,"
na koma bakin gado, na karɓi biri.